Awa Biyu Zuwa Ushaiƙir

Alhamis, 3 ga Disamba, 2015

Ina cikin mota a ƙofar ofis ina jiran Mista Kolin. Minti goma ya ce, ga shi har an kira la'asar.

Yau ya tabbatar min da bakinsa. Ƙarshen Janairu zai tattara ya koma Ingila gaba ɗaya, farashin mai ya faɗi, kamfani na sallamar mutane. In babu shi babu motarsa, in babu mota me za a yi da direba? Shekara goma sha ɗaya ina jan mutumin nan a titunan Riyad. Ya dafa kafaɗata ta baya ya ce "Sori, Izak." Har yau bai iya cewa Isiyaku ba, ni ma na gaji da gyara masa tun shekarar farko.

Ba wai abin ya zo min ba zato ba ne. Tun watan jiya na ji ƙishin-ƙishin, na je na amsa wa wani Balarabe, Abu Sultan, mai neman direban gida. Zai karɓi kafalata, wato zamana a ƙasar ya koma ƙarƙashin sunansa, ya ba ni ɗaki a gefen gareji. Sai dai direban gida ba ya riƙe iyali a kan iƙamarsa, takardar izinin zama, haka dokar take. A takardar kamfani makanike aka rubuta ni, da wannan na kawo matata Zaituna, Allah ya jiƙanta, da shi kuma 'yarmu Kamila ta yi shekara goma sha shida a garin nan. Ranar da na zama direban gida, ranar zamanta ya ƙare.

Na yi waya da Yaya Fatsuma a Katsina. Ta ce a turo ta, ai ɗa na kowa ne, ɗaki na nan. To. Yaya ta sani, abokina Ousmane ya sani, Mista Kolin ya sani, har matarsa. Mai abin ce kawai ba ta sani ba.

Lahadi, 6 ga Disamba

Madam, matar Mista Kolin, ce ta kawo min wannan fitinar.

Kowace shekara in Kirsimeti ta zo sukan tafi gida mako biyu, su bar min mota da takardar izini. Ni dai Kirsimetinsu ita ce hutuna, don ko a sallarmu ba na samun kwana biyu a jere. Da can barci nake yi, ko in kwashe wa mutanen unguwar Manfuha kaya in wani zai tashi daga gida. Yau da na kai ta kasuwa sai ta miƙo min takarda ta saman kujera. Sunayen garuruwa huɗu: Dir'iyya, Sadus, Ushaiƙir, Al-Ula. Wai tsofaffin ƙananan garuruwa ne na laka, ita ta je duka, in zaɓi ɗaya in kai Kamila, in faɗa mata a wuri mai kyau.

Wuri mai kyau. Sai ka ce in an gaya wa mutum mummunan labari a gindin tsohuwar katanga zai ji shi da sukari. Kuma ni da na baro laka a Katsina, wai in ƙona mai in je kallon ta wasu. Turawa da son kango, Allah kaɗai ya san me suke gani.

Na ce na gode. Na ninke takardar na sa a aljihu, ban dai jefar ba.

Talata, 8 ga Disamba

Na gwada a gida. Tana zaune a kan darduma da littafin kimiyya, jarrabawa ta kusa. Na tsaya a kanta na ce "Kamila." Ta ɗago ta ce "Na'am, Yuba?" Haka take kirana, irin na 'ya'yan Riyad. Idon nan na uwarta sak. Sai na ji bakina yana tambayarta ko gas ya kusa ƙarewa.

Gas. Kai Isiyaku, da furfurarka.

Gaskiyar da ba zan faɗa wa kowa ba sai takardar nan: ni ban iya magana ido da ido ba. Shekara ashirin ina zance da mutane suna bayana, hannuna a kan sitiyari, in ɗan leƙa madubi in mayar da ido kan titi. A haka babu abin da ba zan iya faɗa ba. A haka na taɓa gaya wa Mista Kolin cewa yana wulaƙanta mai gadi, ya kuma daina. A mota na gaya wa Zaituna rasuwar mahaifinta, tana baya, muna kan titin Makka. A mota, shekara uku ke nan, na gaya wa Kamila ba za a sallamo uwarta daga asibiti ba. In aka zaunar da ni gaban mutum kuwa, sai in koma ɗan firamaren da bai yi aikin gida ba.

Ashe Madam ta yi gaskiya ba tare da ta sani ba. Garin ba ruwana da shi, hanyar zuwansa nake bukata. Sai in auna in ga wacce za ta ishi maganar.

Juma'a, 11 ga Disamba

Bayan masallaci na je Dir'iyya wajen Ousmane, mutumin Maraɗi, shi da yake kwaɓa laka a can inda ake gyaran tsohon gari. Na duba agogo: daga ƙofar gidanmu minti ashirin da biyar, har da tsayawa a danja uku. Ina. Kafin in gama gyaran murya mun iso.

Kuma rabin wurin a killace yake, ko'ina katako da injin ɗaga kaya, ɗaya rabin gidajen shan gahawa ne da 'yan gayu. Ousmane ya nuna min wata katanga daga nesa, ya ce bara ya ɗora ta da hannunsa, amma baƙi na ɗaukarta hoto suna jinjina wa mutanen da. Muka yi dariya.

Da na ba shi labarin takardar Madam bai yi dariya ba. "Mi kake jira, Malam Isiyaku? Ɗiyarka ce fa, ba kafili ba. Hwaɗa mata yau a kan tuwo." Shi da sauƙin baki. 'Ya'yansa shida duk suna Maraɗi, ta waya yake musu faɗa, in ya gaji ya kashe.

Na soke Dir'iyya.

Lahadi, 13 ga Disamba

Sadus awa ɗaya ce, in ji wani direba ɗan Sudan. Yau bayan na sauke Mista Kolin na gwada maganar ni kaɗai, tun daga "kin san dai duniya" har zuwa "Gwaggonki Fatsuma". Minti arba'in, kuma ban ma kai inda zan ce ni ba zan bi ta ba. Sadus ta yi kaɗan.

Litinin, 14 ga Disamba

Al-Ula kuma an ce yini guda ake yi a hanya. In na gama faɗa a awa biyun farko, sauran awowin mu yi yaya da juna? Ga dawowa.

Talata, 15 ga Disamba

Na wanke motar da na wanke jiya.

Alhamis, 17 ga Disamba

Na kai su Mista Kolin filin jirgi. Madam tana fita ta leƙo ta taga ta ce wanne na zaɓa. Na ce Ushaiƙir, don dai ta tafi. Ina dawowa na yi tunani, ashe bakina ya fi ni hankali. Kilomita ɗari biyu, awa biyu. Ta farko ta share fage, ta biyu ta maganar. Mu isa Kamila ta ga tsofaffin gidaje ta ɗan huce, a dawowa in za ta yi kuka ta yi a baya, ni ina kallon titi.

Na gaya wa Kamila za mu fita Juma'a ta sama. Ta ce, "Garin turɓaya? Yuba, ina da ihtibar ranar Lahadi." Wai jarrabawa. Hausarta ke nan, rabi da rabi kamar shinkafa da wake. Ta shiga waya ta duba hotuna, ta daɗe tana turawa da yatsa. Can ta ce yana da kyau. Sai kuma ta ce, "Katsina haka yake?"

Na ce da ɗan kama, a da. Sau ɗaya ta taɓa zuwa, tana shekara biyar, abin da ta riƙe kawai sauro ne da wata akuya da ta ƙwace mata biskit.

Ga ƙofa nan ita da kanta ta buɗe min. Na tashi na ce bari in duba tayar mota.

Asabar, 19 ga Disamba

Ko in bari sai ta gama jarrabawa? Wane irin uba ne zai ɗora wa yarinya wannan kwana biyu kafin ta shiga aji? Amma Abu Sultan ya kira, ya ce takardu kafin ƙarshen wata ko ya nemi wani, kuma fitar yarinya sai an je da ita an ɗauki yatsa. Ba zan kai ta ofis ta ji daga bakin mai bin takardu ba.

Yaya Fatsuma ma ta kira. Ta riga ta gama komai, ita haka take tun muna yara. Matar Alhaji Dalhatu, mai shago a kasuwar Batha, za ta gida ashirin ga Janairu, sai a haɗa su. Har makaranta ta samo. Ta Turanci ce, sun ce za a mayar da ita baya aji biyu. Yarinyar da ke zuwa ta ɗaya ta biyu, mai cewa likitar magunguna za ta zama. Turancinta bai wuce na gaida Madam ba.

Na ce wa Yaya ban faɗa mata ba tukuna. Ta ce, "Isiyaku, har yanzu kana nan yadda kake." Ban tambaye ta me take nufi ba.

Wataƙila dai Sadus ta isa in na rage gabatarwa.

Litinin, 21 ga Disamba

Babu inda zan je, na yi ta zagaye. Na tsinci kaina a maƙabartar Al-Ud, inda Zaituna take kwance. Nan ba a sa suna, tudu ne kusa da tudu da ɗan dutse. Da ina ƙirgawa daga katanga, yanzu an ƙara layuka, ban tabbata ba. Na tsaya inda nake zato na yi addu'a, duk wanda ke ciki ya samu.

Da Zaituna ce, tana yanka albasa za ta faɗi maganar nan a numfashi ɗaya, su yi kukansu su share, a zuba abinci. Na yi kewarta yau ƙwarai. Har da ɗan haushi, da ta tafi ta bar min abin da ta san ban iya ba.

Laraba, 23 ga Disamba

Ushaiƙir ɗin dai. Na duba mai da ruwa da taya.

Abin da ya fi damuna murnar da take yi. Ta gaya wa ƙawarta Nuf za ta yi tafiya da babanta. Ta sa na sayo kaza da shinkafa, wai ita za ta dafa mu ci a gindin dabino. Ta goge abayarta. Tana wanke-wanke tana 'yar waƙa. Sai yanzu na lura ban taɓa kai ta ko'ina ba don kawai a je, kullum asibiti ne, ko kasuwa, ko ofishin iƙama.

Alhamis, 24 ga Disamba

A gida yau hutun Maulidi ne, nan shiru. Gobe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na gyara zaman madubi sau uku.

Asabar, 26 ga Disamba

Jiya ban iya rubutu ba. Bari in bi shi daki-daki ko kaina ya sauka.

Ƙarfe takwas muka fito. Na buɗe mata ƙofar baya kamar kullum, sai ta zagaya ta buɗe ta gaba ta zauna, ta ja bel. Ta ce, "Yau babu Madam, ni da kai ne." Tun da aka haife ta ba ta taɓa zama gaba ba, uwarta ma a baya take zama. Me zan ce? In ce koma baya ina da magana?

Awa biyu. Duk kalmar da na ɗauko sai in ji idonta a gefen fuskata. Na yi zancen raƙuma. Na yi zancen yadda ake gane tayar da iska ta yi wa kaɗan. Ta zuba min shayi, tana cire wa dabino ƙwallo tana miƙo min, tana ba ni labarin wata malamarsu mai barci a aji. Rabon da in ji ta yi surutu haka tun uwarta na da rai. Muka wuce garin Shaƙra ban taɓo maganar ba.

Garin ƙarami ne, a gindin wani jan tudu, da dabinai ta baya. Madam ba ta yi ƙarya ba, yana da kyau. Laka ja-ja, an zagaye tagogi da farar ƙasa, ƙofofi da sunayen gidajen da suka gina su. Masu gidajen duk sun koma birni, sai ranar hutu su zo su buɗe. Baƙi da dama, Turawa biyu-uku da 'yan Filifin, ranar sallarsu ce, nan suka zo yin ta shiru-shiru.

Da muka sauka ta rufe fuska. Wani dattijo ya mayar da zauren kakansa wurin ajiye kayan da, tsofaffin butoci da fitilu da bindigogi, yana ba baƙi gahawa. Ta shiga ta gaishe shi, Larabcin nan na Riyad yana zuba kamar an kunna famfo, suka yi ta hira. Ni kuwa na tsaya a bakin ƙofa da makulli a hannu. Wallahi ban san na tsaya ba, ƙafa ce ta saba. Sai na ji dattijon ya ce mata, "'Yata, ki ce wa direbanku ya shigo ya sha gahawa, akwai sanyi."

Ta ce, "Mahaifina ne."

Ba ta ɗaga murya ba. Dattijon ya miƙe da sandarsa, kunya ta kama shi, ya zo har ƙofa ya kama hannuna yana ba ni haƙuri, ya zaunar da ni a wurinsa. Ban ji haushinsa ba. Me ya gani? Baƙin mutum a ƙofa da makullin babbar mota, yarinya a ciki tana magana kamar jikarsa. Ni ma haka zan ce. Na sha finjali biyu. Kamila ce ta ƙi sha.

Muka fita muka shiga lunguna. An rufe samansu da itace da ganyen dabino, duhu-duhu, ga ƙunci, mutum biyu ba sa jerawa. Na shige gaba tana bayana, ina jin takunta. Sai na ji abin ya zo min, ga hanya a gabana, ga ta a baya. Na yi bismillah na fara.

Na faɗi duka. Mista Kolin, Abu Sultan, dokar iƙama, Gwaggo Fatsuma, makarantar, ashirin ga Janairu. Ban taɓa tsara magana ta fito da kyau haka ba, har da haƙuri maganin zaman duniya. Ina tafe ina faɗa, daga wannan lungu zuwa wancan. Da na kai ƙarshe na tsaya na ce, "Kin ji ni?" Na juya.

Wani ɗan Filifin ne da kyamara a wuya, matarsa a bayansa. Allah kaɗai ya san tun yaushe suke bina, sun rasa ta inda za su wuce. Ya yi murmushi, ya roƙe ni da Turanci in ɗan ba su hanya, ya ƙara da "Meri Kirismas" a hankali.

Yanzu da nake rubutawa abin dariya ne. A lokacin kuwa babu dariya. Na koma da baya ina kiran sunanta, kowane lungu kamar ɗan'uwansa, wannan ya kai ni rijiya, wancan ya kai ni bango. Wayarta tana cikin mota. Agogo ya ce minti goma ne kawai. Ina kira babu mai amsawa, sai muryata ke dawo min. Na ji tsoron da ban ji irinsa ba tun ranar asibiti.

A saman wani soro na same ta, ta ɗage niƙabi tana kallon dabinai. Ashe tun lungu na biyu ta ga matakala ta hau, ta ce ta kira ni ban ji ba, ina ta surutu ni kaɗai. "Da wa kake magana, Yuba?"

Saman soro babu gaba babu baya. Rana tsaka, fuskarta a buɗe, ni da ita. Maganar da na yi mako uku ina tsarawa ta gudu ta bar min guntaye. Na ce, "Aikina ya ƙare. Wanda na samu ba ya riƙe iyali. Za ki koma Katsina wajen Gwaggo, watan gobe."

Ban san me na zata ba, kuka ko faɗa da Larabci. Ta dai dube ni, ta daɗe. Ta ce, "Kai fa?" Na ce ni zan zauna, saboda... ban ƙarasa ba. Ta ce, "Umma tana nan, kai kana nan." Sannan a hankali, da Hausa zalla, tana zaɓen kalmomin ɗaya-ɗaya: "Kai za ka kai ni, ko aika ni za ka yi?"

Na ce matar Alhaji Dalhatu za ta tafi ranar ashirin, mutuniyar kirki ce.

Ta ce, "Kamar kwalin dabino."

Haka nake yi duk shekara, in ɗaure kwali in rubuta sunan Yaya a jiki in ba mai tafiya. Ita ce ma ke danne min igiyar da yatsa in na zo ƙulli.

Aka kira sallar Juma'a. Ban taɓa murnar kiran salla don in gudu ba sai jiya, Allah ya yafe min. Na kai ta mota na tafi masallaci, ban san me liman ya ce ba.

A dawowa baya ta shiga, daidai bayan kujerata, inda madubi ba ya kaiwa. Abincin da ta dafa tun asuba yana but ɗin mota, ba mu taɓa ba. Awa biyu cur, ga hanya ga sitiyari, duk abin da na roƙa, ni kuma ba ni da sauran abin faɗa.

Lahadi, 27 ga Disamba

Ta tafi jarrabawa. Ta haɗa min shayi a flas, ta gaishe ni sarai, yadda ake gaida baƙon maƙwabci. Da ta dawo na ce yaya takardar, ta ce alhamdu lillahi, ta shige ɗaki.

Litinin, 28 ga Disamba

Na je na ga ɗakin gidan Abu Sultan. Gado, na'urar sanyi, ƙusa biyu na rataye kaya. Wanda ya bar shi ɗan Indiya ne, shekara goma sha huɗu ya yi a ciki. A bango saitin filo akwai tabon gam a jere inda ya liƙa hotuna, na ƙirga tara. Abu Sultan ya ce in zo Laraba da safe in sa hannu. Mutumin ba shi da laifi, har shayi ya sa aka kawo min.

Na dawo na tarar ta sauko da akwatin uwarta daga saman kwaba, ita kaɗai, ban san yadda ta yi ba. Ta ware littattafai gida biyu, na tafiya da na ba Nuf. Ba ta yi min gardama ko ɗaya ba. Ta tambaye ni yadda ake gaida Gwaggo in an isa, ana durƙusawa ne ko ana runguma. Na nuna mata. Ta gwada sau biyu a tsakar ɗaki, ta ce, "Haka?" Na ce haka.

Da ta yi min rashin kunya da ya fi min sauƙi. Na kasa cin abinci.

Talata, 29 ga Disamba

Shekaruna hamsin da biyu. Me zan je in yi a Katsina? Titunan ma ban san su ba yanzu, an ce inda muke ƙwallo duk ya zama shaguna. Ga mutanen da ke kallon hannuna a can. Kuma wa ya taɓa barin ƙasar nan da ƙafarsa yana da aiki a hannu? Yaya za ta ce an yi min asiri.

Na kira Ousmane. Ya ce, "Mai sitiyari ba shi kwana da yunwa." Na ce ba shawara na kira nema ba, gaisuwa ce. Ya ce to, ya amsa.

Na zagaye garin nan ta babban titi sau ɗaya da rabi, babu dalili. Mai dai na Mista Kolin ne.

Laraba, 30 ga Disamba

Na fito zan je gidan Abu Sultan, sai na biya ta ofishin kamfani. Akwai cunkoso ta ɗaya hanyar.

Mai bin takardunmu yana nan. Ya jawo fayil ya ce, "Fitar yarinya ko? Fita ba dawowa, mutum ɗaya." Na ce biyu. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya ce in an buga ba a gogewa fa. Na ce ya rubuta.

Ba wani abu ba ne. Yaran Abu Sultan bakwai ne, makarantu huɗu, bayana ba zai ɗauka ba. Ɗakin ma ba shi da taga. Kuma matar Alhaji Dalhatu mantuwa gare ta, ko jakarta sai an bi ta da ita.

Na kira Abu Sultan na ba shi haƙuri, ya yi ta faɗa, na riƙe wayar nesa da kunne har ya gama. Yaya kuma sai gobe, ba ni da ƙarfinta yau.

Ƙarfe ɗaya motar makaranta ke sauke ta, yanzu sha biyu da rabi. Na ɗumama abinci. Ina zaune a darduma ina fuskantar ƙofa. Tana shigowa zan faɗa mata, kafin ta cire takalmi.